Harsashin da Ya Ratsa Bulo

An yi wani mutum a nan Riyad, ba sai an faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya a gida. Direba ne. Kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, mai son farauta ne. Yana da gidan hutu a bayan gari inda yake kiwon tumaki, yana kuma da libarba, ƙaramar bindigar nan mai juyawa, da izinin riƙe ta. Saboda yarda, direban yake ba wa ya goge ta ya ajiye.

Harsashi iri biyu maigidan yake saye, dukansu suna shiga bindigar. Akwai mai sauƙi, na koyon saiti, da ake harbin gwangwani da shi. Akwai mai ƙarfi, na farauta da tsaron kai in an shiga sahara, wanda in ka harba sai hannunka ya yi tsami. Ya yarda direban ya riƙa gwada mai sauƙin, ya nuna masa tudun yashi, ya ce can kaɗai. Mai ƙarfin kuwa ya ce kada ya taɓa.

Direban nan jikan maharba ne. A garinsu da hannu ake ɗura bindiga, wanda ya fi zuba albarushi shi ne namiji. Ga shi a ƙasar mutane, kowa ya aike shi, gaisuwarsa ma da ƙyar ake amsawa. Ga kuma abin da zai sa a ji shi daga nesa, yana kwance cikin kwali.

Akwai makiyayin gidan, Buraima, mutumin Maraɗi, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya. Yakan tsokane shi: "Jikan maharba, wannan fat-fat ɗin naka ko tumakina ba sa ɗaga kai."

Shi kuma ya ce, "Za ka ji, mai tumaki."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maigidan ba ya nan, direban ya cika bindigar da mai ƙarfi. Rana ta take, tudun yashin yana da nisa. Sai ya ajiye gwangwani a inuwar ɗakin ajiye abincin dabbobi, jikin bangon bulo. Ya taɓa yin haka a ɓoye da mai sauƙin, bai wuce ɓantare fuskar bulo ba. Ya kuma san Buraima yakan yi ƙailula a ciki, kan buhuna, saboda ya fi ɗakinsu na kwano sanyi. Bai leƙa ba.

Ya harba, ya sami gwangwanin. Ya yi dariya, ya ɗaga murya: "Mai tumaki, ka ji wannan?"

Ba a amsa ba. Harsashin ya ratsa gwangwani, ya ratsa bulo, ya sami Buraima a ƙirji yana barci.

A nan Riyad aka binne shi. Matarsa Ikilima a waya aka gaya mata, ko gawarsa ba ta gani ba. Direban yana tsare har yanzu, yana jiran alƙali da abin da dangin mamaci za su ce. Duk wanda ya je duba shi, magana ɗaya yake ji: "Wallahi ban yi nufi ba."

Ya 'yan uwa, gaskiya yake faɗi. Bai nufi Buraima ba. To me ya nufa? Zomo ya gani? Ɓarawo ne ya hauro? Babu ko ɗaya. So ya yi a ji girmansa. Don wannan ya ci amanar da aka ba shi, ya zaɓi ƙarfin da bai san iyakarsa ba, ya ƙi taku kaɗan zuwa bakin ƙofa. Zunubin ya cika tun yana ɗura bindigar, kafin a ji ƙara.

Ko an yafe masa gobe, wa zai tayar da Buraima? Shi direban, da wane ido zai koma gida? Allah mai gafara ne, amma 'ya'yan da Buraima ya bari a marayu za su girma.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da cin amana, kada ya sa ran wani ya fita ta hannunmu. Amin.