Kurege Wanzamin Ɗaɗɗoya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta.

Kurege ne matarsa ta haihu, haihuwar fari. Jego ya zo mata da wuya, ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, sai ramewa take, nono ya fara janyewa. Ta ce ita dai miyar ɗaɗɗoya. Kai, hankalin Kurege ya tashi!

To duk garin mai ɗaɗɗoya ɗaya ce, Inna Bushiya. Ta shuka ta a fasasshiyar tukunya, tana ba ta ruwa safe da yamma, amma ganye ɗaya ba ta yarda a taɓa. Shuka ta yi tsawo siririya, ta fara fure, tana shirin bushewa.

Kurege ya je roƙo. Ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, kunyar ɗan fari ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi. Ya dawo hannu rabbana.

Da sassafe ya haura katanga, ya tsinke kan reshe, tsit! Maijego ta sha miya har da neman ƙari. Gobe tsit, jibi tsit. Kun san Kurege da haɗama, ana nan sai ya fara cika hula, har da na bakinsa.

Ran nan yana tsaka da tsinka, Inna ta cafke wutsiyarsa.

"Ɓarawo! Tun daga ɗaka nake jin ƙamshinka!"

"Haba Inna, ni wanzami ne. Aski nake mata. Duba ki gani."

Ta duba. Ikon Allah, duk inda ya tsinke kai ɗaya, rassa biyu sun fito, shuka ta cika tukunya, kore shar.

Inna ta ce, "Wanzami ko? Madalla. Ga jikokina bakwai, sumarsu ta taru. Bismilla."

Kurege ya dubi ƙayar da ke jikin 'yan bushiyoyin, ya dubi 'yan yatsunsa.

Ya ce, "Inna, ni ba na ƙin aiki. Amma kin ga hannun nawa, inda na cire ɗaya biyu ke fitowa. In ƙayarsu ta ninka, wa zai goya su?"

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Ja'iri! Faɗa mini gaskiya, wa kake kai wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mutuniyar gidan ce... ta sauka."

"Maijego? Shi ne ka yi shiru, yarinya tana ramewa? Allah ya shirye ka!"

Ta cika masa hula da hannunta, ta yanko reshe ta ce ya tsoma a ruwa har ya yi saiwa. Sannan ta yafa mayafi, ta sa shi gaba, ta ce mu je in ga jikan nawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Wanda zai yi sata, ya koyi aski tukuna.