Goyo a Tsakiyar Kogi

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a bakin kogi, shi da mahaifiyarsa, tsohuwa, makauniya. Wata rana da damina, da hantsi, mugaye suka faɗa wa ƙauyen, suka cinna wa gidaje da rumbuna wuta. Ba hanyar tsira sai a haye kogin, ga shi kuwa ya cika ya batse.

Manomin ya durƙusa ya ce, "Inna, hau bayana."

Ta ce, "Bar ni, ɗana. Ni na ci zamanina. Gudu ka tsira da ranka."

Ya goya ta, ya shiga ruwa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Tsohuwar ba ta san ko gaɓa ta yi kusa ba. Ƙugin ruwa kawai take ji, da kururuwar mutane a bayansu. Ta ƙanƙame wuyansa iya ƙarfinta. Da suka kai tsakiyar kogi, sanyi ya kashe mata hannuwa, yatsunta suka saki.

Ta ƙwala ihu, "Wayyo, na sake ka! Ruwa zai ci ni!"

Amma ba ta faɗi ba. Ɗan ya ce, yana haki, "Kwantar da ranki, Inna. Tun a gaɓa na ɗaure ki a jikina da mayafinki. A ruɗe kike, shi ya sa ba ki lura ba."

Sai ta ɗora kanta a kafaɗarsa, tana kuka a hankali, har suka haye. Gidansu ya zama toka, wata aminiyar tsohuwar da ke ƙauyen kuma ba ta fita da rai ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: kogin nan shi ne wahalar da muguntar duniya take jefa mu a ciki. 'Yan'uwa, waɗansunku sun binne nasu, waɗansu sun bar gonakinsu ba shiri. Ubangiji bai ce ruwa ba zai kai mana ƙirji ba. Akwai ranar da bakinka zai kasa addu'a, bangaskiyarka ta yi sanyi kamar hannuwan tsohuwar nan. A ranar kada ka ce, "Na hallaka." Yesu Almasihu, wanda shi ma ya sha wuya a hannun mugaye, ya ɗaure ka a jikinsa tun a kan gicciye. Ko hannunka ya saki, shi ba zai sauke ka a tsakiyar ruwa ba.