Gonar Tabawa Ba Ta Ɗaukar Gida Uku

Kwana da kwanaki ke nan Tabawa tana yawo da wata magana a ƙirjinta, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa. In ta zauna tsintar wake sai a ga ta watsar da waken ta riƙe tsakuwar. Maƙwabta suna cewa ko hawan jininta ne ya motsa, ita kuwa ta san ba shi ba ne. Gona ɗaya tal gare ta, 'ya'ya uku, kuma an ce ta nuna da bakinta wanda zai zauna a kan gonar, sauran biyun su bar gari. Bari ku ji yadda aka yi har aka zo nan.

Gonar tana Tsaunin Aduwa, can arewa kusa da iyaka, gadon ubanta ce. A zamanin tsohon, wani gajeren gero mai gargasa ake shukawa a cikinta, mai saurin nuna, wanda tsuntsu ba ya iya sa masa baki. Da an gama girbi kuma sai Arɗo Julde ya sauko da shanunsa, su ci kara, su bar taki, a ba shi damin gero, a rabu ana wa juna addu'a. Da gonar ta dawo hannun mijinta, Malam Haladu, Allah ya jiƙansa, sai ya bi abin da kowa yake bi: irin kanti, takin zamani, maganin feshi. Shekarun farko ba ƙarya, an ga hatsi. Daga baya ƙasar ta zama kamar mai jinya, kowace shekara sai an ƙara mata buhu kafin ta ɗaga kai, buhun kuma ya fi ƙarfinsu. Ƙuduji ya mamaye gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zama fako, in an sara fartanya sai ta yi tsalle ta dawo. Shekarar da Malam ya rasu, abin da aka girbe ko ƙasan rumbu bai rufe ba.

Autanta Shitu shi ya fara motsawa. Yaro ne mai barkwanci, ko a gidan makoki sai ya sa an danne dariya. Ya ce gonar nan yunwa take ji, kuma ya san abincinta: takin shanun Fulani, kamar zamanin kakansa. To amma kun san yadda zamani ya koma. Tun da 'yan bindiga suka shigo dajin nan, ba mai yarda ko inuwar Bafulatani ta gitta gonarsa, na kirki da na banza duk an haɗa su kwando ɗaya. Tabawa ta roƙe shi ya bari, bai bari ba. Ya taka har rugar Arɗo Julde, wanda yanzu ya tsufa tukuf, ya durƙusa ya gaishe shi da sunan kakansa. Tsohon ya yi ta kallonsa, sannan ya ce shekara nawa ba wanda ya zo rugar nan da sallama.

Shanu suka sauka a gonar, suka yi duk lokacin sanyi a kanta. Ana tsakiyar haka aka kai hari wani ƙauye da ke gaba da su, aka kashe mutane, aka kwashi wasu. Ranar kasuwa samari suka tare Shitu a gaban rumfar mahauta, suka ce shi ne yake kai labari daji. Da gora suka dake shi, a cikinsu har da waɗanda suka yi makarantar allo tare. Kafin dattawa su raba, idonsa na hagu ya tsiyaye. Arɗo ya kaɗa shanunsa ya yi gaba, amma takin ya riga ya zauna, baƙi ƙirin, ya rufe gonar. Da aka kwance wa Shitu ƙyallen da ke fuskarsa, Tabawa ta fashe da kuka, shi kuwa ya ce, "Haba Inna, da ma da biyun wane abin kirki nake gani a garin nan? An rage mini wahala ne."

Sai Labaran, ɗan fari, wanda Tabawa ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Babba. Mutum ne marar magana, mai mata ɗaya da yara biyar. Ya ce takin nan in an bar shi a kan fako, ruwan farko zai wanke shi ya kai wa masu gonar gangare, idon ƙanensa ya tafi a banza. Ya taɓa zuwa ci-rani ƙetaren iyaka, ya ga yadda manoman can suke haƙa ƙananan ramuka a busasshiyar ƙasa, su zuba taki tafin hannu guda a kowanne. Gara ta biyo takin ta huda ƙasar, ruwa in ya zo ya tsaya a ramin ya nutse, a nan ake jefa iri. A shekarar nan duk tsararsa sun tafi birni neman na kai, shi ya ƙi tafiya. Ya ari diga, ya shiga gonar da rani, lokacin da ko akuya inuwa take nema.

Masu wucewa suka same shi abin nishaɗi. Wani ya ce, "Labaran, kaburburan ɓeraye kake haƙa, ko Malam ya bar tukunyar zinariya ne ba ka gaya mana ba?" Shi dai ya ci gaba da haƙa. Yana fita da asuba da ruwa a gora, wani lokaci cikinsa ba komai sai ƙuli guda. Tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ya haƙe gonar tun daga gindin gawo har kan iyakar gabas. Saura 'yan layuka ya gama, ya ɗaga diga, wani abu ya tsinke masa a baya, ya faɗi a wurin. A amalanke aka kawo shi gida. An yi ɗori, an yi tsaga, an je asibitin da ake iya zuwa, ya tashi dai, amma a sunkuye. Yau in kun hango shi da sandarsa tare da uwarsa, sai ku ce shi ne ya haife ta.

Ta tsakiyarsu ita ce Hansai. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'yarta Asabe, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, da wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka. A cikin tulun akwai geron nan na kakanta mai gargasa. Duk garin an daina shuka shi, an cinye irinsa tuntuni, ita kaɗai ce take yafa 'yan layuka a bayan ɗakinta na aure, ta zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ta gauraya da toka da ganyen dalbejiya ta adana. Bai fi tiya biyu ko uku ba. Amma shi ne kawai irin da ke gidan, kuma shi ne wanda ba ya neman buhu kafin ya yi.

Bazara ta zo da yunwar da tsofaffi suka ce sun manta irinta. Rumbu ya ƙare, aka koma tafasa da zogale, aka koma dusa. Yara suka daina wasa. Asabe ta fara zawo, gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ko kukan kirki ba ta iya yi. Hanyar asibitin tamowa ta cikin dajin nan take, direbobi sun daina bi. Ladidi, matar Labaran, ita ta fara cewa a fasa tulun a dama wa yarinya kunu. Daga baya Tabawa da kanta ta shiga ɗakin da rana tsaka, ta tarar da Hansai zaune a kan tulun, yarinyar a cinyarta. Ta ce mata ta tashi, ita ce uwa, ta ba da umarni.

Hansai ba ta tashi ba. Ta ce, "Inna, ki yafe mini. In muka sha shi, sati guda ne ya ƙare. Ruwa ya sauka me za mu jefa a ramukan Yaya? Baɗi sai mu binne yaran duka, ba ita kaɗai ba."

Tabawa ta faɗa mata maganar da uwa ba ta faɗa wa 'ya, ta fita. Asabe ta cika ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka. Ko kunun zai tsayar da ita, ko ajali ya riga ya zo, wannan Allah kaɗai ya sani. Wasu sun ce ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, wasu sun ce wace irin uwa ce wannan. Ranar da aka yi ruwa, Hansai ta fasa lakar da hannunta, ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana jefa iri tana takewa, ba ta bar kowa ya taya ta ba.

Geron ya fito. Da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, gonakin maƙwabta suka yanƙwane, ta Tabawa tana nan kore shar, don ramukan sun riƙe laima. Tsuntsaye suka zo suka yi wa gari ɓarna, gargasa ta kore su. Da kaka, waɗanda suka yi wa Labaran dariya suka zo suna leƙen ramuka, matan da suka zagi Hansai suka aiko yara da ƙoƙo ko za a san musu iri. An cika rumbu har wuya, abin da ba a gani ba tun uban Tabawa yana raye.

To a nan gizo yake saƙar da ta hana Tabawa sukuni. Rumbun ɗaya ne. Gonar ba ta da girma, ko ta yi iyakar ƙoƙarinta, gida ɗaya za ta riƙe daga kaka zuwa kaka. Gida uku in suka sa hannu, kafin bazara ya ƙare, a sake komawa kallon tulun iri. In kuma aka bari sai ta mutu a raba gado, kowa zai samu abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, ƙarshenta a sayar wa mai kuɗin gari ya dawo da feshi. Su ukun suka same ta a gindin rumbu da hantsi, Labaran ya yi magana a madadinsu. Ya ce ta ba mutum ɗaya kyauta tun tana da rai, ita ta zauna tare da shi, sauran biyun su bi Baffa Ilu, ƙanen mahaifinsu mai motar kaya, wanda ya ce zai nema musu abin yi a kudu. Sun yarda, ba mai riƙe ta a zuciya. Liman ya ce tun da dai da yardarsu ne, zai yi shaida. Baffa Ilu kuma ya aiko cewa lodin da zai yi na gaba shi ne na tafiya.

Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai sauƙaƙa mata. Labaran bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shi yake so, ba don kansa ba, don yara biyar ɗin nan. Wa zai ɗauki mai karyayyen baya aiki a birni? Bara zai koma. Gaskiya ya faɗa. Amma ramukan nan suna cikewa, sai an sake haƙa su, shi kuwa ko buta ba ya ɗagawa da hannu ɗaya, babban ɗansa bai isa riƙe diga ba. A hannunsa gonar tana iya komawa fako.

Shitu ya yi dariya ya ce a ba Yaya Hansai, shi mai ido ɗaya rabin birnin kawai zai gani, ba zai ruɗe ba. Yana faɗa yana kallon ɗakin matarsa, wadda cikinta ya tsufa. Tabawa ta san ba har zuciyarsa ba ne. Ta kuma san Arɗo Julde ya aiko cewa shanunsa ba za su sake taka gonar ba sai in Shitu ne a kanta, in ba taki kuwa aikin kowa ya mutu. Sai dai har yau akwai masu yin shiru in ya shigo masallaci. In aka sake kai hari kusa, ba ido za su tsaya a kai ba. Ba shi gonar yana iya zama ba shi kabarinsa.

Sai aka zo kan Hansai. Tun rasuwar yarinyar ba a ga haƙorinta ba, kuma tsakaninta da uwarta gaisuwa ce kawai. Ita ta san zangarniyar da ake warewa, ita ce kuma aka tabbatar ba za ta fasa tulu ba ko me ya zo. Amma mace ce ita kaɗai, da sauran ƙuruciyarta. Ladidi tana ta faɗa a tsakar gida, yadda kowa zai ji, cewa gobe in ta yi aure gonar kaka ta koma gidan wani ƙato. Da Tabawa ta matsa mata, sai ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Duk inda kika ce in je zan je, Inna. Asabe ce dai ba zan iya ɗauka ba, a ƙasar nan take kwance."

To, jama'a, ga Tabawa nan a tsaye. Ba don takin Shitu ba, da ramukan rami ne kawai. Ba don ramukan Labaran ba, da ruwa ya tafi da takin. Ba don tulun Hansai ba, da ƙasar ta gyaru ba abin jefa mata. Ɗaya ya ba da ido, ɗaya ya ba da baya, ɗaya kuwa ba a ma iya faɗin abin da ta bayar. Duk ita ta haife su, nono ɗaya suka sha. Ku da kuke da 'ya'ya, ku gaya mata don Allah: wa za ta ce ya zauna, su wa kuma za ta raka bakin mota?