Kunkurun Gashe Tefera

Akwai wata mata a unguwarmu ta Shiro Meda, sunanta Wubalem. Injera take yi, wata faffaɗar waina mai tsami da ake ci da miya. Tun asuba tana gaban tanda, kafin hantsi ta cika kwando huɗu, kuma dole su isa gidan abincin Emama Askale a unguwar Piyasa kafin masu cin rana su zauna. Da wannan tandar take ciyar da 'ya'ya uku.

Abin da ya dame ta mota ne. Direbobin bas ba sa son kwandunanta. Wani ya ce sun cinye masa kujera biyu, wani ya wuce kamar bai gan ta ba. Sau uku ta makara a wata ɗaya.

A na ukun, Emama Askale ta ja ta gefe. Ta ce nan da mako biyu, ranar Asabar, akwai walimar biki a gidan, kuma in baƙi suka riga injera zuwa, za ta ba wata aikin. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa Wubalem ta san da gaske take.

Sai ta ƙudurta sayen mota. A bayan layinsu akwai Gashe Tefera, tsohon bakanike, mai wata shuɗiyar mota mai doro, irin wadda injinta ke baya. Kowa Kunkuru yake ce mata. Motar ta girmi Wubalem da shekara shida. Idon tsohon ya fara rauni, ya ce zai rabu da ita.

Ƙaninta Endale ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Yaya, wannan ai ta hoto ce. A yi mata ado ranar aure, a turo ta gida."

"Kai da ka sayi irinta don 'yan mata su kalle ka, ina take?"

Motar Endale tana tsakar gida a lulluɓe da tamfol, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Wubalem ta iya tuƙi tun tana aiki a injin niƙa. Ta je ta sami Gashe, ta ɗauka a ranar za a gama magana. Bai ko dubi jakarta ba. Tafin hannunta ya duba, ya ce zai sayar mata, amma sai ta zo masa kwana goma a jere. Kullum kafin ta iso zai taɓa wani abu a motar, ita kuma ta nemo shi da kanta.

"Ranar da ta mutu miki a hanya, babu ni a wurin," in ji shi.

Ranar farko kan batir ya kwance. Tun la'asar take nema har rana ta kusa faɗuwa, shi kuwa yana zaune kan kujera yana kurɓar kofi. Rana ta biyu ya zare wayar filogi. Ta uku ya matse tiyon mai da abin shanya kaya. A rana ta huɗu ta ƙona hannu a jikin inji, ta zauna a ƙasa, idonta ya kawo ruwa. Gashe ya miƙa mata tsumma, ya ce kuka ba ya tayar da mota.

Endale kan biyo da yamma yana tambaya ko an kai ga karatun taya. Ba ta kula shi ba. Ta wanke baƙin mai da toka, ta kwaɓa ƙullun gobe, washegari ta koma wurin Gashe. Kafin kwana na takwas ta fara gane ciwon daga kukan injin da warinsa, tun kafin ta ɗauki sifana.

Asabar ɗin bikin ita ce rana ta goma. Gashe ya yarda ta kai kayanta da motar, shi yana gefe. Suka ɗaure kwanduna a kujerar baya, suka gangara lafiya har Arat Kilo. Suna tsallake gada, a daidai hawan Piyasa, totur ya faɗi ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta. Inji na aiki, mota ba ta tafiya. Ta ja birkin hannu, ta fita ta sa dutse a bayan taya. Masu bas na ta oda suna zaginta.

Ta leƙo ta taga. "Gashe, yau ba ranar wasa ba ce. Abincin 'ya'yana ne a bayan nan. Gaya mini abin da ka taɓa."

Ya kau da kai. "Ki nema."

Ta buɗe murfin inji. Mai na zuwa, wayoyi na wurinsu. Ta sa yatsa ta danna ɗan ƙarfen da ke ba inji wuta, sai ya yi ruri. Ashe lafiyarsa lau, wayar da ta haɗa shi da totur ce ta tsinke. Ba ta da wata, kuma babu shagon kayan gyara kusa.

Ta tsaya tana kallon kwandunan. Sai ta kwance igiyar da ta ɗaure su, ta ƙulla bakinta a ɗan ƙarfen, ta zaro ta ta gefen mota har tagar Gashe, ta danƙa masa.

"In na ce ja, ka ja. In na ce saki, ka saki."

"Shekara arba'in ina tuƙa motar nan," in ji shi, "yau na koma totur."

Haka suka hau, tana ba da umarni yana ja, motar na zabura kamar akuyar da aka kama wa ƙafa. Suka iso ana jera kujeru, ko baƙo ɗaya bai zo ba. Emama Askale ta dubi igiyar, ta dubi tsohon, ta ɗaga mayafin kwando ta taɓa injera. Abin da ta ce kawai shi ne, gobe ma kwando huɗu.

Sai a lokacin fushin Wubalem ya fito. Ta ce masa kwance batir koyarwa ce, amma tsinka waya a rana irin ta yau mugunta ce, kuma ba ta zaci haka daga dattijo ba.

Gashe ya bari ta gama.

"'Yata, yau ban taɓa komai ba. Da kanta ta tsinke. Ni ma ta taɓa yi mini haka a hanyar Ambo, kuma tura ta na yi." Ya zare makulli ya sa a tafinta. "Taki ce."

Shekara huɗu ke nan. Kunkuru kan mutu, Wubalem kan tashe ta, injera ba ta sake makara ba. Igiyar tana ƙarƙashin kujera har yau. Da Endale ya zo yana sosa ƙeya ko za ta duba masa tasa, ta ce ya fara sallamar kajin, sannan ya zo mata kwana goma.

Darasi: Tsohon abu ba na mai son a kalle shi ba ne, na wanda zai durƙusa ya koyi halinsa ne. In ba ku shirya ɓata hannunku ba, ku bar shi inda kuka gan shi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san ido ya rufe masa a kan wata tsohuwar mota, ya karanta kafin ya karɓi makulli.