Kafintan Da Ya Goge Maganin Wuta

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, kafinta, Allah ya ba shi hannu. Ciwonsa ɗaya ne, son yabo. A ce masa "aikinka ya yi kyau" ya fi masa abinci daɗi.

Aka ba shi aikin silin da bango a wani ɗakin koyon ɗinki. Aka kawo katako irin wanda ake mannawa falle-falle da gam, an shafe fuskarsa da maganin hana cin wuta. Maganin ya bar fari-fari kamar gishiri, fuskar ta yi kaushi, fenti ba ya kwanciya a kai.

Injiniyar da ke kula da aikin ta ce masa, "Malam, kar ka goge shi. Munin nan shi ne amfaninsa."

Ya ce, "Wallahi ba zan taɓa ba."

Tana juya baya ya ɗauko sanfefa. Kwana uku yana guga har ya cinye maganin tas. Ya shafa fenti, ɗaki ya ɗau ƙyalli. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi wa ya yi, shi kuma kai na ta kumbura.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, wayar dutsen guga ta yi tartsatsi. Katakon da ya kamata ya jinkirta wuta har mutane su fita, shi ya miƙa wutar sama. Kafinta yana shagonsa ya ji ihu. Ya ruga, ya dinga fizge katako mai ci da hannu, ya fito da mata huɗu. Ta biyar, 'yar maƙwabciyarsa, bai kai gare ta ba.

Yatsunsa sun manne. Yau ko cokali ba ya iya riƙewa. Kuna tsammani wannan ce azabarsa?

Unguwa ta ɗauke shi gwarzo. Kullum uwar yarinyar tana kawo masa abinci, tana cewa, "Allah ya saka maka, ɗan uwana, ka yi iya ƙoƙarinka."

Ya zo wurina yana kuka kamar yaro. "Malam, ka ce su daina yabona. Wallahi zai kashe ni."

Na ce ya je ya faɗa wa uwar yarinyar gaskiya. Sau uku yana kaiwa ƙofarta yana juyowa.

Ya 'yan uwa, wa ya gan shi yana guga? Babu, sai Allah. Aikin da kake gyara wa fuska kana cin amanarsa, ran wani ne a ƙarƙashi. Yabon da ya nema ya samu, ga shi ya kasa haɗiyewa.

Allah ka ba shi ƙarfin buga ƙofar nan. Mu kuma ka kiyaye mu daga yabon da ba namu ba.