Tsohon da Ya Yi Yunwa a Gidan Dokta

Akwai wani mai shagon magani da 'yan unguwa ke kira Dokta. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma da farar riga yake zama a shago. Kana cewa kanka na ciwo, kafin ka rufe baki ya ƙulle maka ƙwayoyi kala biyar a leda.

Yana da ƙanwa, autar gidansu, wadda ta karanci ilimin abinci mai gina jiki, tana aiki a babban asibiti. Babu abin da Dokta ya raina a duniya irin wannan aiki.

"Shekara huɗu a jami'a don a koyi dafa wake!" Haka yake cewa a gaban kowa. "Da kin zo matata ta koya miki a kwana biyu."

Auta sai dai ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Ana nan aka yi wa mahaifinsu tiyata a ciki. Tsohon kafinta ne, mai kunya, wanda ko ƙishirwa yake ji ba ya iya cewa a ba shi ruwa a gidan wani. Da aka sallame shi, Dokta ya kafe sai dai a kai shi gidansa.

Nan ya mai da ɗakin baƙi ƙaramin asibiti. Ya buga ƙusa a bango ya rataya ledar ƙarin ruwa. Ya jera kwalaben maganin ƙarin jini a kan tebur, ya ajiye katan na lemon kwalba a gindin gado. Kullum da yamma ya shigo da ƙunshin gasasshen nama. Masu zuwa dubiya suna ta cewa, "Kai, Baba ya haifi ɗa!" Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa, yana ɗan ƙwanƙwasa ledar ruwan da yatsa kamar wanda ya san abin da yake yi.

Bayan mako guda Auta ta zo. Ba ta kalli kwalaben ba, faranti ta duba. Naman jiya yana nan, yanka ɗaya kawai aka tsotsa aka ajiye. Ta kama hannun Baba, sai ta ga agogonsa ya zame har kusa da gwiwar hannu.

"Baba, me kake ci?"

"Alhamdu lillahi, Auta. Shayi, da ɗan burodi in na jiƙa shi."

Ta samu yayanta a falo ta ce, "Yaya, haƙoran Baba nawa suka rage? Ba ya iya tauna naman nan. Ciwo ba ya haɗewa sai jiki ya samu abin gina tsoka. A ba shi ƙwai, da kifi mai laushi, da waken da aka dafa ya narke, da madara, da ganye, da gwanda ko lemon zaƙi. Kaɗan-kaɗan, sau shida a rana."

Dokta ya kalle ta sama da ƙasa. "Kin gama? Ni nake sayar wa garin nan lafiya, ke za ki koya mini jinya? Ubana ba zai ci abincin talaka a gidana ba. Ki koma kicin ɗinku na asibiti."

Ta rubuta jadawalin abincin a takarda ta ba matarsa. Da ya gani ya karɓe, ya tafi da ita shago, ya yayyaga yana ƙunshe wa mutane ƙwaya a ciki. Ya kuma ce kada Auta ta sake shiga ɗakin sai yana nan.

A mako na uku, da safe, matarsa ta shiga da shayi ta fito da salati. Ɗinkin ya buɗe, ruwa ya jiƙa zanin gado. Baba ko zama ba ya iya yi.

A asibiti, likitan da ya yi tiyatar ya duba ciwon, ya sa aka auna nauyin tsohon. Kilo tara ya zube.

"Me yake ci a gida?"

Dokta ya gyara murya ya fara jero sunayen magunguna da Turanci.

"Ban tambaye ka abin da ke kantarka ba, malam. Me yake ci?"

Ashe Dokta bai sani ba. Mako uku uban yana gidansa, bai taɓa zama ya ga loma ɗaya ta shiga bakinsa ba.

"Ai ina sa masa ƙarin ruwa..."

"Ruwa ne da gishiri da ɗan sukari. Leda guda ba ta kai yankan burodi biyu ba. Ni ɗinki kawai na iya, jiki ne ke haɗe nama, kuma jikin nan ba a ba shi komai ba. Yunwa ce ta buɗe ciwon mahaifinka."

Ma'aikatan jinya biyu suka kalli juna. Dokta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, "To yaushe za a sake ɗinkin?"

"Wannan ba a hannuna yake ba. Ka bi baranda, ƙofa ta ƙarshe, sashen abinci. Sai jami'ar ta ce jikinsa ya yi ƙarfi zan taɓa shi."

Ƙofa ta ƙarshe ofishin Auta ne. Akwai layi. Dokta ya zauna a benci tsakanin wata mai goyo da wani mai ciwon sukari, ya shafe awa guda yana kallon takalminsa. Da layi ya zo kansa, ba ta yi masa gori ba. Ta miƙo masa sabuwar takarda ta ce, "Ka karanta a nan, Yaya. In akwai inda ba ka gane ba, ka tambaya."

Ya karanta. Wurare uku bai gane ba, kuma dole ya tambaya.

Wata biyu Baba ya yi a gadon asibiti. Auta ce ke zuwa da cokali, tana lallashi, tana rubuta abin da ya ci. Tsoka ta fara dawowa, aka sake ɗinki, wannan karon ya kama.

Ranar sallama Dokta ya wanke mota, ya zo ya buɗe ƙofar gaba da kansa. Baba ya dogara sanda ya daɗe yana kallonsa.

"Na gode, ɗana. Amma gidan Auta zan je. A gidanka baƙi ka yi wa jinya, ba ni ba."

Ya juya ya kama hannun 'yarsa, suka nufi bakin titi neman tasi.

Darasi: Magani ba ya maye gurbin abinci. In kana da majinyaci, kada ka tsaya ga abin da ka sayo, ka zauna ka ga abin da ya ci, ka kuma bi shawarar masu ilimin abin. Kada ka raina sanin wani don na ƙasa da kai ne, girman kai yana iya cutar da wanda ka fi so. Ka tura wa duk wanda ke jinyar wani a gida, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.