Kujerar Jirgin Baba

Akwai wani dattijo a garin Ballarat mai suna Vernon Tulloch, wanda ya shekara arba'in yana harhaɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, a manne su da gam, a yi musu fenti. Ya ci gasa ba adadi. Da tsufa ya kawo masa rawar hannu, sai ya ƙi yarda, har ga kansa.

Yayansa Clarrie yana kwance a gidan jinya, likita kuwa ya riga ya ce kwanakinsa ƙidayayyu ne. Mahaifinsu ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin Kittyhawk a New Guinea, zamanin yaƙin duniya na biyu.

Wata rana Clarrie ya ce masa, "Kai mai wasan yara, ka cika gidanka da jiragen mutanen da ba ka sani ba. Na Baba fa? Haɗa mini shi, in ajiye a kan tagar nan in riƙa kallo."

"Ba ni wata ɗaya, Yaya."

"Wata ɗaya? Je ka roƙi likita, ba ni ba."

Vernon ya tafi kantin Noreen, wadda ta san shi tun gashinsa na baƙi. Ta ajiye masa kwali biyu, duk na Kittyhawk: ɗaya mai gunduwa talatin, ɗaya mai ɗari uku da 'yan kai.

"Ɗauki mai sauƙin, Vern. Kwana uku ka gama."

"Na 'yan firamare za ki miƙo mini? Ni?"

"Na ga yadda ka sha shayi ranar Lahadi. Rabi a ciki, rabi a wando."

Bai yi dariya ba. Ya rungumi babban kwalin ya fita.

A ƙa'idar wannan aiki, daga mazaunin matuƙi ake farawa, domin da zarar an haɗe ɓarin jirgin biyu, hannu ba ya sake shiga, ido ma da ƙyar. Mai hankali kan shafa masa fenti ya wuce. Vernon kuwa ya lashi takobin zana kowace allura ta kowane agogon awo da ke gaban matuƙi. Hannu ya yi rawa, fenti ya zarce, ya goge, ya sake. Gunduwa ta suɓuce ta ɓace cikin darduma, ya yini a durƙushe yana nema.

Kunya ta hana shi zuwa gidan jinya hannu rabbana. Clarrie ya bugo waya.

"Ina jirgina?"

"Ana kai, Yaya."

"Kawo ko fiffike ɗaya ne. Kai ma in gan ka."

"Ban taɓa nuna aiki rabi ba."

"To, gwani," in ji Clarrie, ya ajiye wayar.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, ma'aikaciyar jinya ta kira ta ce ya zo yanzu. Ya dubi teburinsa. Abu ɗaya ne kawai ya kammalu: kujerar matuƙi, wadda ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Ya tarar idanun Clarrie sun daina gani. Ya sa masa ita a tafin hannu. Clarrie ya jujjuya ta da yatsa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kujerar Baba ce. Har da maɗaurinta na yi."

"Ina sauran jirgin?"

Vernon ya riƙe hannun yayansa. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Darasi: Ajali ba ya jiran gwani ya gama gwaninta. Ujubu, wato ji-da-kai, kan zo wa mutum cikin rigar kyautata aiki, har ya raba shi da wanda ake yi wa aikin. Ka ɗauki abin da hannunka zai iya a yau, ka kai shi tun mai karɓa na da ido. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa, ko Allah Ya sa wani ya ziyarci nasa kafin lokaci ya ƙure.